Dashen Lemun Tsami a Gidajen Abule Egba

Lemun tsami gajeriyar bishiya ce mai ƙaya, tsayinta bai cika wuce mita 5 ba. Asalinta daga kudu maso gabashin Asiya ne, Larabawa suka yaɗa ta zuwa Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka. Ganyenta kore shar rani da damina, ga farin fure mai ƙamshi, shi ya sa take ƙawata tsakar gida. 'Ya'yanta kuma suna shiga shayi da kunun gyaɗa.

A Kano ko Katsina, ban ruwa ne wahalar mai lemu. A Abule Egba da Agege da ke Legas kuwa, inda Hausawa suka daɗe da zama, yawan ruwan ne abin tsoro. Damina kashi biyu ce a Legas: Afrilu zuwa Yuli, sannan Satumba zuwa Oktoba. Idan ruwa ya kwanta a gindin lemu, saiwa takan ruɓe, ɓawon ya tsage yana tsiyayar ɗanko, ganye ya koma ruwan ɗorawa. Don haka a tudu ake dashe, inda rana ke bugawa sosai, a bar tazarar mita 3 daga katanga da masai. Gidan da aka shafe da siminti sai a yanka duro, a huda gindinsa, a cika da ƙasa mai yashi. Kashin shanu, wanda ba ya wuya a kusa da mayankar Oko-Oba, taki ne mai kyau idan ya ruɓe sarai. Ɗanyensa ƙona saiwa yake yi.

Dashen da aka yi wa aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara 2 zuwa 3, na ƙwallo kuwa yakan daɗe fiye da haka. Cibiyar NIHORT da ke Ibadan tana cikin masu binciken irin lemu a Najeriya. Wajen dasawa ba a binne mahaɗar auren, kuma duk tohon da ya fito ƙasa da ita cire shi ake yi, don janye ƙarfin bishiyar yake.

Ƙayar tana da amfani, domin jerin lemu shinge ne mai wuyar ƙetarawa. Sai dai a nisanta shi da ƙofa da wurin wasan yara, a riƙa sare rassan ƙasa, a kwashe su nan take. Busasshiyar ƙaya tana huda silifas.