BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA
Wane Bincike Ya Kamata A Fara Domin Tsare Kayan Jama'a A Ƙasar Daura?

Duk baƙon da ya sauka Daura, da wuya ya koma gida ba a kai shi rijiyar Kusugu ba. Can za a ba shi labarin da kowane ɗan makaranta ya sani, watau yadda maciji ya tsare rijiyar, ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ran Juma'a kaɗai, har Bayajida ya zo ya kashe shi. Amma akwai wani abu cikin labarin nan da ba a cika lura da shi ba. Sa'ad da baƙon ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa, sai da ta bayyana masa abin da ke cikin rijiyar tukuna, sa'an nan ya ɗauki guga da takobi ya tafi. Ashe sani ne ya riga takobi. Kuma abin da ya ƙuntata wa garin nan duka, wuri ɗaya ne tak wanda ran kowa ya rataya a kansa.

To, jama'a, yau rijiyoyin da ran mutanen Daura ya rataya a kansu sun yi yawa. Akwai dam da famfo, akwai wayar lantarki, akwai turakun wayar salula, akwai asibiti da gadoji da hanyar mota, ga kuma hanyar jirgin ƙasa tafe. Tambayar da mu ke so mu sa gaban masu karatu ita ce: in za a yi bincike domin tsare waɗannan abubuwa da shirya wa ranar masifa, da wanne ya kamata a fara? Gama kuɗin Gwamnati ba su isa a binciki kome da kome lokaci guda ba, kuma wanda ya ce zai ɗauki duka, ƙarshenta ba ya ɗaukar ko ɗaya.

ABIN DA DAURA TA SAMU

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar, watau Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango, kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Tsakanin 2015 da 2023, zamanin da ɗanta Muhammadu Buhari ke shugabancin Nijeriya, ta sami manyan ayyuka. A 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura. A watan Disamba na shekarar nan kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina. A watan Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, aka ba kamfanin Mota-Engil. An tsara za ta bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya.

Allah ya yi wa Buhari rasuwa ran 13 ga Yuli 2025, aka yi jana'izarsa a Daura ran 15 ga wata. Allah ya jiƙansa. Yanzu fa gina kaya ya wuce ga wanda ya gina, tsare su kuwa ya rage ga masu rai. Kowane magidanci ya san gina ɗaki ya fi sauƙi bisa ga hana shi yoyo shekara ashirin.

Kada kuma wani ya ce ai ƙasar Daura lafiya lau ta ke, ɓarayin daji can yamma da kudancin jiha su ke. Gaskiya ne ta fi su Jibiya, Batsari, Safana da Faskari kwanciyar hankali. Amma a tuna ran 1 ga Mayu 2019 'yan bindiga suka ɗauke Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa cikin gari, ba a kuɓutar da shi ba sai ran 2 ga Yuli a Kano, bayan wata biyu. A tuna kuma daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe 'yan makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, Shugaban Ƙasa yana Daura a lokacin. Yara 344 aka sako ran 17 ga wata. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

YADDA WAƊANSU SUKA YI

Wannan tambaya ba mu muka fara yinta ba. Bayan da aka tayar da bamabamai cikin jiragen ƙasa a Madrid ta ƙasar Sifen ran 11 ga Maris 2004, mutane kusan 200 suka hallaka, ƙasashen Turai suka kafa kwamitin masana domin ya jera musu irin binciken da ya fi gaggawa. Kwamitin ya ba da rahotonsa a 2006, kuma tsakanin 2007 da 2013 Tarayyar Turai ta keɓe kuɗinta yuro biliyan 1.4 domin binciken tsaro. Cikin manyan sassan da aka raba aikin akwai tsaron kayan amfanin jama'a, da tsaron kan iyaka, da mai da zaman lafiya bayan masifa ta auku. Haka nan a 2015 ƙasashen duniya suka taru a Sendai ta ƙasar Japan suka amince da abubuwa huɗu na rage ɓarnar bala'i. Na farkonsu ba sayen kaya ba ne, fahimtar haɗarin ne kansa.

Ba mu da kuɗin Turai, amma dabarar jera abu bisa ga muhimmancinsa ba ta cin ko kwabo. Ma'auni uku sun isa. Na ɗaya, in abin nan ya lalace mutum nawa zai shafa? Na biyu, kwana nawa za a yi kafin a gyara? Na uku, yaya yiwuwar aukuwarsa ta ke? In aka auna ƙasar Daura da waɗannan, ga yadda mu ke ganin jerin zai kasance.

NA FARKO: ƘIDAYAR KAYA

Kafin kome, a san abin da a ke da shi, a kuma san wanne ya dogara ga wanne. Injin tura ruwa yana bukatar lantarki ko man dizal. Turken waya ma haka. Ɗakin tiyata da firijin ajiye jini da allurar rigakafi suna bukatar lantarki da ruwa duka biyu. Man dizal kuwa a mota ya ke zuwa, mota kuma sai ta haye gada. Watau gada ɗaya in ta karye cikin watan Agusta, tana iya kashe famfo da waya da asibiti, ko da ba wanda ya taɓa su.

Wanda ya ke shakkar haka ya dubi Maiduguri. Ran 10 ga Satumba 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya malale birnin. Bai tsaya ga gidaje ba: ya shiga asibitin koyarwa na jami'a, ya rushe katangar kurkuku fursunoni fiye da 200 suka gudu, ya shiga gidan namun daji. Masifa ɗaya ta haifi huɗu. Kuma dam ɗin nan ya taɓa yin irin wannan ɓarna a 1994.

Binciken farko ke nan: takarda ɗaya da taswira ɗaya, masu nuna kowane abu da gari ba zai iya kwana uku babu shi ba, da mai kula da shi, da abin da za a koma kansa in ya tsaya. Wannan aiki na ƙafa ne da alƙalami, ɗalibai ma suna iya yinsa a ƙarƙashin malamansu.

NA BIYU: RUWA

Ruwa ya cancanci ya riga bindiga a jerin nan, domin shi ne ya fi shafar mutane da yawa, kuma haɗarinsa fuska biyu gare shi. Ƙasar Daura tana bakin Sahel, damina gajeriya ce, rani kuwa dogo. Da rani tsoron ƙishirwa, da damina tsoron ambaliya. A watan Yuli 2018 ruwan dare ɗaya ya kashe mutum fiye da 40 a Jibiya, cikin jiharmu. A watan Agusta 1988 dam ɗin Bagauda ya fashe a ƙasar Kano.

Saboda haka ya kamata injiniyoyi su binciki dam ɗin Sabke da na Daberam: ƙarfin bangonsu, yawan yashin da ya taru a cikinsu, da garuruwan da ruwa zai fara isa in wani abu ya faru, da mintocin da zai ɗauka. A binciki kuma kududdufai da magudanan cikin gari waɗanda aka cike aka yi gini a kansu, gama ruwa ba ya manta hanyarsa. A auna zurfin ruwan rijiyoyin burtsatse shekara shekara, don a san ko yana ja da baya. Hukumomin Tarayya masu duba yanayi da koguna suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara. Abin da ya rage a bincika shi ne yadda hasashen nan zai fito daga takardar Turanci ya isa kunnen manomin Baure da Hausa, tun ruwa bai sauko ba.

NA UKU: HANYA DA IYAKA

Ran 28 ga Maris 2022 'yan ta'adda suka dasa nakiya a kan hanyar jirgin Abuja zuwa Kaduna, suka kashe aƙalla mutum takwas, suka tafi da fiye da 60. Na ƙarshensu ba su fito ba sai watan Oktoba, jirgin kuma bai koma aiki ba sai Disamba. Darasin a fili ya ke: tsaron hanyar jirgi tun ran shimfiɗa ta a ke tsara shi. Tun ran gini, ran zane.

Ga hanyar Kano zuwa Maraɗi, tambayoyin bincike ba su da wuyar ganewa. Waɗanne wurare ne suka fi nisa da gari da jami'an tsaro? Ina ne burtalin shanu da hanyar kasuwa suka gitta dogo? Yaya za a sa mutanen ƙauyukan da aka bi ta gonakinsu su ɗauki hanyar tamkar tasu, har in sun ga baƙon ido yana kwance ƙusa su faɗa? Tun da akwai Jami'ar Sufuri a cikin Daura kanta, ba a bukatar a je nesa neman masu wannan aiki.

Iyaka ma haka. An rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. 'Yan kasuwar Mai'aduwa da direbobin da ke bi ta Kongolam zuwa Damagaram sun san abin da suka gani. Ya kamata a rubuta shi da lissafi: me ya faru da farashin hatsi da dabbobi, ta ina fataken dare suka koma bi, don in wata rana an sake tunanin rufewa, hukuma ta yanke shawara bisa sani.

NA HUƊU: WA ZA A GAYA WA, WA ZAI BA DA UMURNI?

Hukumomi ba su yi kaɗan ba. Akwai Hukumar Agajin Gaggawa ta Ƙasa, watau NEMA, da aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha. Akwai 'yan sanda, soja, 'yan kwana-kwana, da rundunar tsaron farar hula wadda doka ta ɗora wa gadin kayan Gwamnati. A watan Oktoba 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Jihar Katsina. Amma yawan hannu ba ya kashe gobara in kowa yana jiran wani ya fara. Abin bincike shi ne: daga sa'ad da mutumin ƙauye ya ga haɗari zuwa sa'ad da taimako ya iso, minti nawa ne, kuma a ina labarin ya ke tsayawa?

A watan Satumba 2021 an katse wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan domin a toshe wa ɓarayi hanyar magana, aka mai da ita a ƙarshen shekara. Daura ba ta ciki, amma darasin nata ne: ranar da waya ta mutu, da me za a aika da labari? A nan ne tsohon tsarinmu ke da amfani. Daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa fadar Sarki, sarƙa ce da ta daɗe tana kai labarin baƙo da annoba da fari tun zamanin En'e, kai tun kafin zuwan Turawa. Bincike ya nuna inda ta yi tsatsa, da yadda za a ɗaura ta da ofisoshin zamani. A riƙa kuma yin gwaji sau ɗaya a shekara, kamar kafin taron Sallar Gani, a ga ko abin da aka rubuta yana aiki a ƙasa.

NA ƘARSHE: NA'URORI

Kyamarori da jirage marasa matuƙi suna da amfaninsu, ba mu raina su ba. Amma mun sa su a ƙarshe da gangan, domin su ne suka fi tsada, su ne kuma suka fi saurin jan ido. Wanda ya sayi kyamara bai san inda zai kafa ta ba, ko wanda zai tashi in ta nuna masa abu, ya sayi linzami ne tun bai ga doki ba.

Muna roƙon Gwamnatin Jiha da Majalisar Masarautar Daura da shugabannin ƙananan hukumomin nan biyar su zauna da malaman Jami'ar Sufuri, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha, da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, su fitar da jerinsu. In ya saɓa da namu ba laifi, muddin an faɗi dalili. A sa wa kowane bincike wa'adi da mai ɗaukar nauyinsa, a kuma fassara abin da aka gano da Hausa, ban da sirrin da bai kamata ya faɗa hannun mugu ba.

Kai kuma mai karatu, kana da naka rabo. Ka tambayi kanka yau: in famfo ya ɗauke kwana bakwai, ina iyalinka za su ɗebi ruwa? In ruwa ya shigo unguwa da tsakar dare, wane tudu za ku nufa, wa kuma za ka fara gaya wa? In ba ka da amsa, ka kai maganar wurin mai unguwarku tun damina ba ta faɗi ba. Allah ya kiyashe mu da mummunar ƙaddara, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.