Gitar biyu, turmi ɗaya: wane ne ke riƙe da kiɗan?

Duk wanda ya taɓa zaman jiran mota a tashar Dogon Dutsi, ko ya ci kasuwa a Kore Mairuwa ko Matankari, ya san kiɗan gitar ba baƙo ba ne a ƙasar Arewa. Yana fitowa daga salular yaran mota, yana fitowa daga rumfar mai cajin waya, kuma direbobin da ke ɗauko hanya daga Agadas, su biyo ta Abalak, Tawa da Birnin Ƙonni, da shi suke korar barci har su sauka Yamai. Hanyar da makaɗan arewacin ƙasarmu ke bi in za su babban birni, ta ƙofar gidanmu ta ratsa. Amma in ka tsayar da mai saurare ka tambaye shi wane ne ke kiɗan, suna ɗaya zai ba ka: Bombino, ko Mdou Moctar, ko marigayi Abdallah Oumbadougou. Alhali kuwa in ka kasa kunne da kyau, gitar biyu ce ke magana, wani lokaci ma uku. To, wane ne na biyun, kuma mene ne aikinsa? A kan wannan mutum da ba a faɗin sunansa za mu yi magana a wannan mako.

Lugude da saƙa

Matan Arewa sun riga kowa sanin sirrin abin. In biyu suka tsaya a kan turmi ɗaya suna lugude, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi, ba su haɗuwa, ba su kuma barin turmin ya yi shiru. Da ɗaya ta yi gaggawa ko ta yi nawa, sai taɓare su gwabza. Haka yake ga mai goge da ƴan ƙwaryarsa: shi ne ke yawo da murya sama da ƙasa, amma su ke riƙe masa ƙasar da yake takawa.

Gitar biyu ma haka take. Ta farko, wadda makaɗa ke kira solo, ita ce ke jan waƙa, tana amsa wa mawaƙi, tana yin ado. Ta biyu, mu kira ta gitar rakiya, aikinta shi ne ta maimaita bugu ɗaya ba tare da ta gaji ko ta kauce ba, ta cike ramin da ke tsakanin ganga da murya. Mai solo yana iya yin kuskure ya mayar da shi ado, jama'a su yi tafi. Ɗan rakiya kuwa in ya yi kuskure, masu rawa ne za su fara ji a ƙafafunsu.

A kiɗan da Turawa ke kira rok, wanda ya fi kowa yin bayanin wannan shi ne Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones, wadda aka kafa a Landan a 1962. Shi da saƙa yake kwatanta abin. Kowane masaƙi ya san zane ba ya samuwa sai zaren tsaye da abawa sun shiga juna, kuma in an gama ba mai iya nuna inda wannan ya tsaya wancan ya tashi. Haka Richards ya yi da Brian Jones har 1969, haka kuma ya koma yi da Ronnie Wood tun 1975: kowa na iya ɗaukar solo, kowa na iya komawa rakiya a tsakiyar waƙa ɗaya. A tsakanin waɗannan biyu an yi zamanin Mick Taylor, daga 1969 zuwa 1974, inda aka raba aiki sosai, Taylor na solo, Richards na riƙe da bugu da gitarsa mai tsirkiya biyar, domin yakan cire ta shida. Masana da dama na ganin a shekarun nan ne ƙungiyar ta yi fayafayanta mafi kyau. Duk da haka Taylor ya ajiye aiki, kuma cikin abubuwan da ya koka da su daga baya akwai rashin sa sunansa a kan waƙoƙin da yake ganin da hannunsa a cikinsu. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

Wa da ƙane

Wata ƙungiyar da ta shahara da gitar biyu ita ce AC/DC, wadda wasu ƴan'uwa biyu, Malcolm da Angus Young, suka kafa a birnin Sidni na Ostiraliya a 1973. Ƙanen, Angus, shi duniya ta sani, da kayan ƴan lakwal a jikinsa yana tsalle a kan dandali. Wan kuwa, Malcolm, yana can baya kusa da mai ganga, ba ya gusawa sai in zai matso ya yi amshi. Amma Angus da bakinsa ya sha faɗin cewa wansa ne injin motar. Abin lura a nan shi ne sunayen su biyun ne ke kan waƙoƙin ƙungiyar, ba na mai tsalle kaɗai ba. Sun yi shekara arba'in tare, sai da ciwon mantuwa ya zaunar da Malcolm a 2014, ya rasu a 2017. Da za a cike gurbinsa ma, ɗan gidansu aka ɗauko, Stevie Young.

A Amurka, Duane Allman da Dickey Betts na ƙungiyar Allman Brothers sun bi wata hanya dabam. Su biyun duk masu solo ne, sai su ɗauki layi ɗaya tare, wannan a sama kaɗan, wancan a ƙasa kaɗan, kamar mata biyu masu amshi da murya daban. Tarayyarsu ba ta kai shekara uku ba: an kafa ƙungiyar a 1969, Allman ya rasu a hatsarin babur a watan Oktoba na 1971. Amma faifan da suka ɗauka a gaban jama'a a zauren Fillmore East na birnin New York a wannan shekarar, har yau makaɗa na koyon darasi da shi.

Tsofaffin ma'aikatanmu da suka yi rawa a Yamai da Doso a shekarun 1960 da 1970 ba sai an kai su Turai ba kafin su gane wannan magana. Kiɗan Kongo da suka taso da shi a kan gitar biyu ko uku aka gina shi. Docteur Nico, wanda ake yi wa kirari da gwanin solo, wansa Dechaud ne ke yi masa rakiya, tun suna African Jazz ta Kabasele har suka kafa African Fiesta a 1963. Franco kuma, Simaro Lutumba ne ya riƙe masa gitar rakiya a OK Jazz tun daga 1961 har rasuwar Franco a 1989, watau shekara 28. Mutanen Kinshasa har gurbi na uku suka ƙirƙiro tsakanin solo da rakiya, suka kira shi mi-solo, watau rabin solo.

Namu na gida

A Nijar, gitar da duniya ta san mu da ita yau ta fito ne daga Abzin da Azawak. Abdallah Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist n'Akal sun yi suna a lokacin tawayen farkon shekarun 1990, sa'ad da kasusuwansa ke yawo a ɓoye daga hannu zuwa hannu, kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995. Ya rasu a 2020. A wannan salo, gitar rakiya takan zauna a kan sauti ɗaya na dogon lokaci, tana kwaikwayon tafin mata da bugun tende, watau turmin da Buzaye ke rufe wa baki da fata su mayar da shi ganga. Kun ga ke nan ko a can ma daga turmi abin ya taso.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda sunansa na yanka Mahamadou Souleymane. Bahago ne, kuma gitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar burkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyaran murya ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta salula waƙoƙin suka bazu a Sahel tun kafin wani kamfani ya san da shi. Da ya fara zaga duniya, jaridun Amurka da Turai sun yi ta yabon saurin yatsunsa. Amma wanda ya saurari Ilana na 2019, Afrique Victime na 2021 ko Funeral for Justice na 2024 zai ji wata gitar a ƙarƙashi wadda ba ta tashi ba ta sauka, tana tafe kamar raƙumin ayari. Ta Ahmoudou Madassane ce. In kiɗan ya ɗauki zafi, mai ganga Souleymane Ibrahim yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan, Madassane ne ke tafiya da shi kafaɗa da kafaɗa, shi ya sa Mdou ke samun damar yin nisa ya komo ya tarar da gida a inda ya bar shi. Kuma ba don bai iya solo ba ne yake tsaye a baya: shi ne tauraron fim ɗin Zerzura na 2017, shi ya yi kiɗansa, ya kuma yi wa ƙungiyar Les Filles de Illighadad ta ƴar'uwarsa Fatou Seidi Ghali rakiya a tafiye-tafiyensu. Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 suna Amurka, aka rufe iyakoki, tare suka yi zaman jiran hanya.

Bombino, watau Omara Moctar, wanda faifansa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin takarar kyautar Grammy, shi ma da ɗan rakiyarsa, Illias Mohamed, ya ɗauki wannan faifan. A Agadas kuma akwai Etran de l'Aïr, ƴan gida ɗaya da suka fara tun 1995 a wuraren biki. Su nasu tsarin ya fi kusa da saƙar da Richards ke magana: sukan yi musayar solo a tsakiyar waƙa, har su yi musayar gitar da bas tsakaninsu. A Yamai, Tal National ta Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, ma'aikaci da ya yi aiki a kotu yana kuma kiɗa da dare, ta tara Hausawa, Zabarmawa, Fulani da Buzaye wuri ɗaya. Wanda ya ji Kaani na 2013 ko Tantabara na 2018 ya san yadda layukan gitarsu ke shiga juna da sauri, kamar lugude na mata huɗu.

Inda gizo ke saƙar

To, me ke raba irin waɗannan abokai? Ba kasafai kiɗa ke raba su ba. Suna ne da kuɗi. Mun ga yadda Mick Taylor ya fita. Don Felder da Joe Walsh na ƙungiyar Eagles su ne suka yi musayar gitar da ke ƙarshen waƙar Hotel California ta 1976, wadda har gobe ake ji a rediyo, kuma Felder ne ya kawo tushen kiɗan. A 2001 aka sallame shi, ya kai ƙara kotu kan maganar kaso, daga baya aka sasanta a waje. Simaro ya ci gaba da riƙe OK Jazz bayan Franco, amma saɓani da magada kan rabon kuɗi ya sa shi da yawancin makaɗan suka fita suka kafa Bana OK a 1994. Ƙungiyar da ta yi kusan shekara arba'in ta watse a kan lissafi.

Ƴan kasuwa sun san wannan labari ko da ba su taɓa riƙe gitar ba. Sau nawa aka ga mai dukiya da yaron da ya riƙe masa shago shekara goma sun rabu baram-baram, don ba a taɓa zama an faɗi kason kowa ba? Ma'aikata ma sun san shi: darakta ne ke sa hannu, amma sakataren da ya kwana yana buga takardar ba a ambatonsa ranar yabo.

A wajen bikinmu abin ya fi muni. Mai gayya da shugaban makaɗa yake ciniki. Masu liƙi a goshin mawaƙi da mai solo suke mannawa, na baya kuwa sai abin da aka ga dama aka miƙa masa bayan an tashi. Saboda haka duk yaron da ya fara koyon gitar, burinsa ya yi maza ya zama mai solo, ya kafa tasa ƙungiya, ba mai son ya daɗe a rakiya har ya ƙware. Ga kuma mai kwamfuta da manyan lasifika, wanda shi kaɗai zai cika fili da ƙara a kan kuɗin da bai kai na makaɗa biyar ba. In ana neman rage kashe kuɗi, gitar ta biyu ce ake fara sallama, sai a sa na'ura ta riƙe bugun. Na'ura kuwa ba ta duban ƙafar mai rawa ta ƙara sauri, ba ta kuma jin mai solo ya ɓata ta jira shi.

Abin da ya rage gare mu

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Shugabannin makaɗa su zauna da abokan aikinsu su yanke kason kowa tun kafin a hau dandali, a rubuta in da hali. In za a kai waƙa rajista a ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, a sa sunan duk wanda ya sa hannu wajen ƙirƙirarta. Masu gabatar da shiri a gidajen rediyon Dutsi, Tibiri da Doso, in sun sa faifai, su daure su faɗi sunan ɗan rakiya da mai ganga, ba zai ci musu minti ɗaya ba. Cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai da masu shirya gasa irin ta Ɗan Gurmu su ware yabo na musamman ga gwanin rakiya, domin yara su ga akwai daraja a tsayuwar baya. Attajirai da ma'aikata masu ɗaukar makaɗa a bikin ƴaƴansu kuwa, in sun tashi liƙi, su taka har bayan dandali.

Hausawa sun ce da abokin daka akan sha gari. In kun sake jin gitar na tashi a tasha ko a gidan biki, ku bar mai solo ya yi tafiyarsa na ɗan lokaci, ku nemi wancan sautin na ƙasa da ba ya canzawa, ku bi shi har ƙarshen waƙar. Daga nan sai ku tambayi sunan mai shi.