Ilmin Metabolomiks a Japan: Yadda Garin Manoma Ya Zama Cibiyar Bincike

Duk abin da ɗan Adam ya ci ko ya sha, jikinsa yakan sarrafa shi zuwa ƙananan sinadarai, irin su sukari da maiƙo da sinadaran amino. Waɗannan sinadarai dubbai ne, kuma yawan kowannensu a cikin jini ko fitsari ko yawu yakan sauya gwargwadon lafiyar mutum da abincinsa da shekarunsa. Ilmin da ke auna su gaba ɗaya a lokaci guda shi ake kira metabolomiks. Ƙwayoyin gado suna nuna abin da ka iya aukuwa a jiki ne, su kuwa waɗannan sinadarai suna nuna abin da ke gudana a halin da ake ciki.

Mafarin Al'amari

A ƙasar Japan, wannan fanni ya kafu ne a wurin da ba a zata ba. Tsuruoka gari ne na manoman shinkafa a lardin Yamagata, can arewacin tsibirin Honshu, wanda matasansa suka daɗe suna ƙaura zuwa manyan birane neman aiki. A shekarar 2001, Jami'ar Keio ta Tokyo ta buɗe cibiyar binciken kimiyyar halittu a garin, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Masaru Tomita. Hukumar garin da ta lardin suka ɗauki nauyin tallafa mata da kuɗi kowace shekara, alhali ba wanda ya san ranar da za a ga amfanin abin.

Dabarar Soga

Babbar matsalar masana a lokacin ita ce, yawancin sinadaran da ke cikin ƙwayar halitta suna narkewa a ruwa, suna kuma ɗauke da cajin lantarki, don haka rarrabe su yana da wuya. Wani masani na cibiyar, Tomoyoshi Soga, ya kyautata wata dabara da ake kira CE-MS. Akan zuba ɗan ɗigon ruwan da za a gwada a cikin wani bututu mai tsawon kimanin mita 1, wanda raminsa bai kai kaurin gashin kai ba, sannan a sakar masa lantarki mai ƙarfin bolt 30,000. Nan take sinadaran za su kama tsere, kowanne da irin saurinsa, gwargwadon girmansa da cajinsa. A bakin bututun kuwa akwai na'urar da ke auna nauyin kowanne da zarar ya fito.

A 2003, Soga da abokan aikinsa suka auna sinadarai 1,692 a cikin ƙwayar bakteriya mai suna Bacillus subtilis. Sai dai mafi yawansu ba a san ko mene ne su ba. Wannan giɓi na daga cikin dalilan da suka sa masanan Japan suka kafa MassBank a 2006, wato taskar bayanai ta intanet inda kowane mai bincike zai kwatanta abin da na'urarsa ta nuna da sinadaran da aka riga aka sani.

Abin da Aka Girba

A 2003 ɗin ne aka kafa kamfanin Human Metabolome Technologies a Tsuruoka, wanda ya shiga kasuwar hannun jari ta Tokyo a 2013. A 2005, garin ya karɓi baƙuncin taron farko na ƙungiyar masana metabolomiks ta duniya. Haka kuma, a 2010 masanan cibiyar tare da takwarorinsu na Amurka suka nuna cewa sinadaran yawun masu ciwon daji na baki da na nono da na gaɓar ciki mai samar da insulin sun bambanta da na masu lafiya. Irin wannan gwaji yana nuna haɗarin kamuwa ne kawai, tabbatar da cuta aikin likita ne.

Daga 2012, mazauna garin kimanin 11,000 suka amince a riƙa auna jininsu da fitsarinsu, ana bin lafiyarsu shekara da shekaru, domin a gano sinadaran da ke sauyawa tun kafin ciwon sukari ko na zuciya ya bayyana. Har ɗaliban sakandare na garin akan ɗauka su taimaka a ɗakunan gwaji. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa. Mutanen da suka ciyar da cibiyar da harajinsu, yau da jininsu take bincike.