Hanyar Asbin: Abin da Ya Kamata Bagobiri Ya Sani

Dattawan Sabon Birni da Isa sun sha faɗa cewa Gobirawa daga Asbin suka gangaro kafin su kafa Birnin Lalle, daga baya Alƙalawa, wadda ta faɗi a 1808. Asbin ɗin nan tana nan a arewacin Nijar, ƙasar duwatsu da tsoffin ramukan ma'adinai, kuma mota na zuwa.

Daga iyakar Nijar sai a kama titin Tawa da Abalak zuwa Agadas. Daga nan kuma sai burji, tsakuwa da rairayin koramu. Ƙaramar mota ba ta yi. Sai irin su Land Cruiser ko Hilux, da safaya biyu, jarkokin mai da na ruwa, da jagora ɗan ƙasa.

Yamma da Agadas, a yankin Ingal, akwai kufan Azelik, wanda masana ke ɗauka shi ne Takadda, garin jan ƙarfe. Matafiyi Ibn Baɗɗuɗa ya sauka can a 1353, ya kuma rubuta cewa ana kai jan ƙarfen garin har Gobir da Barno. Ke nan cinikin kakanninmu da wurin ya haura shekara 600. A Marandet, kudu da Agadas, an tono dubban ƙananan tukwanen narka ƙarfe. A cikin duwatsun kuwa, El Meki ta yi suna wajen haƙar kuza.

Mai son kallo daga bisa sai ya nufi Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, mafi tsawo a Nijar. Daga gindin dutsen, wajen Tabelot mai lambunan albasa, ana hawa ne da ƙafa, jakuna na ɗauke da kaya. A sama akwai ƙauyukan Buzaye da maɓuɓɓugan ruwa, ido kuma na hango ƙasa iya ganinsa.

Lokacin tafiya shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina korama kan cika ba zato ta tafi da mota. Tsaro kuma shi ne gaba da komai, a gidanmu da can: a tuntuɓi hukuma, a tafi cikin ayari, kada a yi tafiyar dare.

Wanda Allah ya kai shi, kada ya ɗauko ko ɓallin tukwane daga kufai. Tarihin Gobir ne ke kwance a wurin, ya bar wa na baya su gani.