Ba Kwamfuta Sallahun Aiki ta Layin Umarni

1.0 Gabatarwa
Layin umarni fage ne da ake rubuta wa kwamfuta abin da ake so ta yi da kalmomi, maimakon latsa hotuna. Daga cikin umarnin da ya kamata malami ya sani akwai at, wanda ya fito a bugu na 7 na manhajar Unix a shekarar 1979, kuma har yanzu ana amfani da shi a Linux. Aikinsa shi ne karɓar sallahu, ya aiwatar sau ɗaya tak a lokacin da aka ƙayyade. Wannan ne ya bambanta shi da cron, mai kula da ayyukan da ake maimaitawa kullum ko duk mako.

2.0 Yadda Ake Amfani da Shi
A ɗauka malami ne a wata makaranta a Araba, cikin ƙaramar hukumar Illela. Abokan aikinsa za su ci gaba da shigar da makin jarrabawa har dare, shi kuwa zai tashi da la'asar, amma yana son a kwafe sakamakon zuwa filashi da ƙarfe 9. Sai ya rubuta:

at 21:00
cp sakamako.ods /media/ajiya/

Daga nan ya danna Ctrl da D tare. Kwamfutar za ta ba aikin lamba, ta kuma nuna ranarsa da lokacinsa. Umarnin atq yana jero ayyukan da ke jira, atrm tare da lambar aiki kuma yana soke shi.

3.0 Abin Lura
Sallahu ba ya isa sai ɗan aike yana farke. Dole ne wata manhaja mai suna atd ta kasance tana aiki, agogon kwamfutar kuma ya zama daidai. Idan aka ɗauke wuta kafin ƙarfe 9, a Linux aikin zai jira har a sake kunna na'urar. Idan an zare filashin a lokacin, kwafin ba zai yiwu ba. Saboda haka wajibi ne malami ya duba da safe ya tabbatar, domin wahalar zango guda na iya salwanta a dare ɗaya.

4.0 Auna Fahimta
1. Bambance tsakanin at da cron.
2. Kawo dalilai biyu da za su hana sallahu cika a kan kari.