Zazzaɓi da Zargin Maita: Hanyar Yaƙi da Camfi a Ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da yin imani da cewa akwai mayu, watau mutane masu ƙanƙarar maita a ciki, waɗanda kan kama kurwar mutum su ɓoye har ya mutu. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa a ƙauyukan ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, kamar sauran ƙasar Hausa, sau da yawa daga bakin majinyaci ne zargin maita yake fitowa. Wanda ya fahimci ciwon kuwa, ya san inda zai tare zargin.

2.0 Yadda zargin yake tasowa

Yaro yakan kwanta da zazzaɓi mai zafi, ya riƙa shiɗewa yana sambatu, har ya ambaci sunan wata tsohuwa maƙwabciya. Nan take sai a ce ita ta kama shi. A jawo ta, a tilasta mata ta tsallake shi don ta saki kurwarsa. In ya warke, a ce ta sake shi; in ya mutu, a ce ta cinye shi. Ta kowace fuska dai ba ta da mafita.

Likitoci kuwa sun san waɗannan alamu sarai. Da damina zazzaɓin cizon sauro yakan hau ƙwaƙwalwar yara ƙanana, da bazara kuma sanƙarau yakan ɓulla, kamar annobar 1996 wadda ta hallaka mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, Katsina na cikin jihohin da ta fi shafa. Dukansu biyu suna kawo shiɗewa da gushewar hankali. Mai sambatu sunan wanda ya saba gani kullum yake kira, ba wanda ya cuce shi ba.

3.0 Asarar rai biyu

Ciwon da ya taɓa ƙwaƙwalwa yana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Sa'o'in da aka ɓata wajen boka da neman mayya, su ne yaro yake bukata a asibiti. Ita kuma wadda aka zarga, galibi tsohuwa ce marar gata. Ko ta tsira da ranta, ba mai sayen abincinta, ba mai neman auren 'ya'yanta, domin an ɗauka gadon maita ake yi. Wani lokaci ma ba ta tsira. Alal misali, a 2023 an kashe wata tsohuwa mai shekara 67 a ƙasar Wudil, bayan wata majinyaciya ta ce ta gan ta a mafarki, kuma a 2025 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa a kan haka.

4.0 Matsayin doka da addini

Tun a dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, sashe na 216 ya mai da jifan mutum da maita laifi mai hukuncin ɗauri. A 2021 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri a kan kawar da irin wannan cuta. Musulunci bai musanta sihiri ba, amma Suratul Hujurati ta yi hani ga mummunan zato, kuma shari'a ba ta karɓar mafarki ko sambatun marar hankali a matsayin shaida.

5.0 Shawarwari

Muna ganin yi wa mutanen karkara dariya ko kiran su jahilai ba ya kawar da camfi. Abin da ya kamata shi ne a kama waɗanda ake fara kai wa kuka. Na farko, Yandakan Katsina da Maradin Katsina, hakiman Dutsin-Ma da Kurfi, su umurci dagatai da masu unguwanni su ba duk wanda aka zarga mafaka, su kuma tura majinyaci asibiti kafin a saurari kowace magana. Na biyu, limamai su riƙa yin huɗuba a kan zato a farkon damina da farkon bazara. Na uku, Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita ta koya wa ɗalibanta alamun waɗannan cututtuka, tun da yake su ne za su zama malaman ƙauye.

6.0 Kammalawa

Mun nuna cewa zargin maita yana da lokacinsa da mafarinsa. Lalle uwar da ta ga ɗanta ya farfaɗo a gadon asibiti, da wuya ta sake neman wadda za ta tsallake shi.