SHAIDAR GONA: NOMA BA GUBA, CINIKI BA CUTA

Ya ku ɗalibai da iyayenmu, yau fita za mu yi daga aji mu leƙa gona.

A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta, saboda ragowar maganin ƙwari, irin wanda muke kira fiya-fiya, da aka yi ta samu a jikinsa fiye da ƙima. Ka ga manomi ya sha rana, wani ya zuba magani a buhu, kowa ya tafka asara. Abin tsoron ma, irin waken da Bature ya ƙi ci, da shi ake yi wa yaranmu ƙosai da alala.

To, mai saye yana can nesa, bai ga gonarka ba. Yaya zai yarda da kai? Sai da shaida. Takardun shaidar nan iri biyu ne.

Ta farko ita ce shaidar noman oganik. Ma'anarta ba a sa takin zamani ba, ba a fesa maganin kanti ba, iri kuma ba wanda aka sauya wa halitta ba ne. Kada wani ya ce ai kakanninmu da jakai suke kai takin gida gona, don haka mun gama. A'a. A dokar Turai sai gona ta shekara 2 a kan wannan tsari kafin a shuka abin da za a kira oganik, Amurka kuwa shekara 3 kafin girbi. Sannan mai bincike zai zo aƙalla sau ɗaya a shekara, ya duba gona da rumbu da littafi.

Ta biyu ita ce shaidar cinikin adalci, wato Fairtrade. Tambarinta na farko ya fito a ƙasar Holan a 1988, a kan kofi na ƙananan manoman Meziko. Ita ba taki ne babban zancenta ba, haƙƙi ne. Ana tsayar da farashin da mai saye ba zai sauka ƙasa da shi ba, a ɗora wani ƙarin kuɗi wanda 'yan ƙungiya za su zauna su yanke abin da za a yi da shi, ko rijiya ko aji. Kuma ba a yarda aiki ya hana yaro karatu ba. Manoman koko na ƙungiyar Kuapa Kokoo, da aka kafa a Gana a 1993, da wannan shaida suke sayarwa.

Gaskiya ɗaya ce: mai 'yar gona ɗaya ba zai iya biyan kuɗin bincike shi kaɗai ba. Shi ya sa ake ba da shaida ga ƙungiya, manoma su riƙa sa wa juna ido. Kuma kada a kashe kuɗin takarda sai an sami mai sayen riɗin ko zoɓon tukuna, don takarda ba ta sayen kaya.

Ina ruwanmu mu 'yan Islamiyya? Ruwanmu da tsaki. Duk tsarin nan a kan rubutu da shaidu ya tsaya, abin da muka karanta ke nan a ayar bashi ta Suratul Baƙara, aya ta 282. Suratul Muɗaffifina kuma ta yi wa masu tauye mudu narkon azaba. Ɓoye aibin haja haramun ne tun kafin a ƙago tambari.

Saboda haka, kai Ɗalibi, ke Ɗaliba, in Baba yana da gona ko lambu a nan Ƙofar Sauri, a sayi littafi ɗaya. A rubuta ranar shuka, da inda aka samo iri, da takin da aka sa, da duk abin da aka fesa, da yawan buhunan da aka samu. Da ajami ko da boko, duk ɗaya ne. Wake kuma a adana shi a buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke toshe iska ƙwari su mutu ba tare da magani ba.

Ko takarda ba ta zo ba, an ci halal, an ci lafiya. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin. Wassalam.